Yinin da muka je Yamai kallon Mena

 

A makon jiya ɗan ƙanena ya zo gaishe ni, yana riƙe da hannun ɗansa na fari, yaro ɗan shekara 7 da ke sanye da rigar ƙwallo ta wata ƙungiyar ƙasar Ispaniya, har da sunan ɗan wasa a gadon baya. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, sai ya ce mini: «Baba, jikanka ya hana ni sakat. Wai sai na kai shi Yamai ya ga Mena da idonsa, kamar yadda ka kai ni.» Na yi dariya, na ce to madalla, gado ya yi kyau. Amma da dariyar ta lafa sai na rasa amsar da zan ba su, domin irin tafiyar da yake magana a kai ta daɗe da yin wuya. Shi ya sa na ga ya dace yau in ba ku labarin wancan yini, daga nan in faɗi abin da ke ci mini rai.

Ranar Lahadi ce, 10 ga watan Oktoba 2010. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin bai manta da wannan shekara ba. A watan Fabrairu sojoji suka kifar da gwamnatin Tandja Mamadou, ƙasa ta shiga riƙon ƙwarya a hannun Salou Djibo. Da bazara yunwa ta taɓa karkara, bisashe suka yi ta faɗuwa a daji. A watan Agusta kogin Isa ya cika ya batse, ya ci gidaje a Yamai. Sai da kaka ta shigo, sabon hatsi ya fara shiga rumbu, sannan fuskokin mutane suka soma sakewa. A cikin wannan hali ne aka ce mana Masar za ta zo neman tikitin kofin Afirka na 2012.

To, wace ce Masar a wancan zamani? Ƙasar da ta ɗauki kofin Afirka har sau 7, uku daga ciki a jere, 2006, 2008 da 2010, a ƙarƙashin mai horarwa Hassan Shehata. Mu kuwa, tun da aka fara gasar a 1957 ba mu taɓa leƙa ta ko sau ɗaya ba, kuma wata guda kafin nan Afirka ta Kudu ta ba mu 2 da babu a gidanta.

A fadarmu ta Dogon Dutsi, inda muke shan shayi bayan isha'i, wani mushe na lakwal ne ya kawo shawarar mu ɗauki shatar mota mu je mu dawo a yini guda. Alhaji mai shagon bakin kasuwa ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, ya ce: «Mushe, wane ne zai biya jikka 7 don ya je ya ga ana dukan ɗansa?» Wani dattijo, tsohon ma'aikacin duwan, ya amsa masa da cewa ai ranar da ake dukan ɗa ita ce ranar da ya kamata uba ya tsaya kusa. Aka yi dariya, aka fara rubuta sunaye a bayan kwalin sukari. Alhaji ne na ƙarshe da ya zuba kuɗinsa, yana ta faɗin cewa shi ba ƙwallo za ta kai shi ba, akwai kwanon rufi da yake so ya taya a kasuwar Katako. Uwargida kuwa da na faɗa mata, sai ta dube ni ta ce: «Malam, kilomita 270 da ɗoriya, don kallon ƙattai suna bin fata?» Ban tanka ba. Na ce dai a tashi yaron da wuri, da shi zan tafi. Yana da shekara 14 a lokacin, bai taɓa wuce Doso ba.

Muna sallame sallar asuba muka ɗau hanya, mu 19 da direba da yaronsa. Hantsi bai yi ba muka wuce Kore Mairuwa, gonaki dama da hagu an jera dammunan gero. A Doso muka tsaya muka sha shayi da burodi, a nan ne muka gane ba mu kaɗai muka yi wannan hauka ba, domin tashar cike take da motoci masu tutar ƙasa, daga Ƙonni, daga Tawa, daga Gaya, har da wasu mutanen Maraɗi da suka kwana bisa hanya. Gab da Birnin Gaure taya ta fashe, muka yi kusan sa'a guda a gindin wata bishiyar gawo, Alhaji yana cewa ga ishara nan tun ba a je ko'ina ba. A shingen jandarma aka karɓi katunanmu aka duba, da babbansu ya ji inda muka dosa sai ya miƙo su a dunƙule ya ce mu yi ihu har da rabonsa, shi aiki ya tsare shi. A dajin Kure kuma direba ya rage gudu don yaron ya ga raƙuman dawa guda uku suna cin ganye a gefen kwalta. Har yau in ya ba da labarin tafiyar, da su yake farawa.

Mun shiga Yamai rana ta take tsaka. Filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda ƴan Sin suka gina aka buɗe a 1989, yana ɗaukar mutum wajen 35.000, amma jama'ar da muka tarar a kewayensa ta sa na yi zaton ba za mu samu shiga ba. Tikiti ya ƙare a taga, sai a hannun ƴan baranda, kuma sun ninka kuɗinsa ba kunya. A nan ne amfanin tafiya da ɗan kasuwa ya fito. Alhajin da ya ce ba ƙwallo ta kawo shi ba, shi ne ya naɗe hannun riga ya shiga ciniki, ya yi ta tayawa yana juya baya yana dawowa, har ya karɓo mana tikitin ɓangaren rana a farashin da ba mu yi kuka ba. Kwanon rufi kuwa ba wanda ya sake jin zancensa. Muka haɗa azahar da la'asar a kan tabarmar wani mai sayar da goro, muka shiga layi. A bakin ƙofa turereniya ta yi tsanani, na riƙe wuyan hannun yaron da ƙarfi har sai da shatin yatsuna ya fito, ina ta tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa in ya suɓuce mini.

Wanda bai taɓa fitowa daga duhun matakala ya ga fili ya buɗe a gabansa ba, da wuya in iya kwatanta masa. Yaron ya tsaya cak, ya ce: «Baba, ashe haka yake da girma?» Muka zauna a kan siminti mai zafi kamar tanda, kowa ya shimfiɗa kwali ko jarida. A damana wani Bazabarme ne daga Tilaberi, a gabanmu wasu Buzaye da rawunansu, a bayanmu samarin Damagaram da ganga da kalangu, ga kuma wancan ƙahon roba mai ƙarar tsiya da aka yi yayinsa a gasar duniya ta Afirka ta Kudu a shekarar. Bazabarmen ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancina na kasuwa ne, amma kafin a fara wasa mun raba goro, mun kuma yi ittifaƙi cewa in muka tashi ba a ci mu fiye da ɗaya ba, mun gode Allah. Da aka busa taken ƙasa, wanda aka sauya a 2023, kowa ya miƙe. Na yi shekaru ina tsayawa a gaban tuta a bakin ofis kamar kowane ma'aikaci, ban taɓa jin tsikar jikina ta tashi ba sai ran nan.

Gani ya kori ji, kuma ya kori talabijin. Akwatin nan ƙwallo kawai yake bi, inda ta je nan zai kai idonka. A fili kuwa kana ganin mutum 22 a lokaci guda: mai tsaron baya yana nuna wa ɗan uwansa gurbin da ya bari, mai horarwa Harouna Doula yana kai da kawowa a bakin layi, Misirawa suna miƙa ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa cikin natsuwa ta waɗanda suka saba da nasara. Kana jin ƙarar ƙwallon in an buga ta, kana kuma ganin abin da ranar Yamai take yi wa baƙo, yadda suke rige-rigen zuwa bakin layi neman ruwa da zarar wasa ya tsaya. A gaba muna da Moussa Maazou, dogon yaro mai gudu kamar barewar da aka sa wa ƙungiyar sunanta, wanda ya tashi a AS FAN, ya bi ta Beljik da Rasha, a lokacin yana wasa a Bordeaux ta Faransa. Duk sa'ad da ƙwallo ta nufi wajensa sai filin ya ɗauki wani irin gurnani.

Yanzu zan faɗa muku gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa ƴan fada. Ƙwallon da Maazou ya ci kafin a tafi hutun rabin lokaci, ni ban ga shigarta ba. Na ga ya kwasa da gudu, sai Buzun da ke gabana ya miƙe, rawaninsa ya rufe mini duniya. Abin da na sani shi ne simintin da ke ƙarƙashina ya girgiza, Bazabarmen ya rungume ni yana faɗin abin da ban fahimta ba, hular Alhaji ta tashi sama ba a sake ganinta ba. Mutum ya yi tafiyar kilomita 270 da ɗoriya, ya ga komai ban da abin da ya kawo shi! Amma da a ce an ba ni zaɓi tsakanin wannan da in gan ta sau goma a talabijin ana maimaitawa, wallahi rawanin Buzu zan zaɓa.

Rabin lokaci na biyu ban san wanda ya ji daɗinsa ba. Masar ta taso mana, namu suka ja baya suka tsare gida, mu kuma muka koma duban agogo da salati. Tsohon ma'aikacin duwan ya juya wa fili baya yana jan carbi, yana tambayar yaron minti nawa ya rage. Da alƙalin wasa ya busa tashi, Nijar 1 Masar babu, na ga manyan mutane masu furfura suna kuka. Shekarar yunwa ce da ambaliya da juyin mulki, ga shi da maraice guda an ba mu abin da za mu yi murna da shi tare, ba tare da an tambayi kowa jam'iyyarsa ko yarensa ba.

Fita daga Yamai ta ɗauke mu fiye da sa'a biyu saboda cunkoson babura da masu rawa a kan titi. Muka sayi kilishi na tsaraba, muka kama hanya cikin dare. A kowane gari muka ratsa, yara na bakin kwalta suna ɗaga hannu suna kiran Mena. Mun iso gida dare ya raba, yaron yana barci a kafaɗata, kuma da safe ƙarfe 7 da rabi ina ofis da murya a dushe.

Ga inda nake so masu karatu su tsaya su yi lissafi tare da ni. A waccan zagayen, Mena ta buga wasa 6. Uku na waje duka ta sha kashi: 2 da babu a Afirka ta Kudu, 1 da babu a Saliyo, 3 da babu a Alƙahira. Uku na Yamai duka ta ci: Masar 1 da babu, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Maki 9 ke nan, kuma ko ɗaya ba a samo shi a wajen Yamai ba. Da su muka je kofin Afirka karo na farko, a Gabon da Gine Ikwatoriyal. Kuna tune da yadda ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili ranar 8 ga Oktoba 2011, suna zaton yawan ƙwallaye ya ba su, alhali doka ta ce in maki ya zo ɗaya sakamakon karawa tsakanin ƙasashen ake dubawa, murna ta koma ciki. A shekarar ce aka zaɓi Harouna Doula gwanin masu horarwa na Afirka. A 2012 ma haka aka yi: Gine ta ci mu 1 da babu a Konakiri, muka rama da 2 da babu a Yamai, muka tafi gasar 2013. Kifi a ruwa sarki ne, kuma ruwan Mena shi ne wannan jama'a da ke tasowa tun asuba daga Tawa da Doso da Maraɗi.

To, sai aka wayi gari hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta tsaurara sharuɗɗan filayen da za a riƙa buga manyan wasanni, ƙasashe da dama suka faɗi jarrabawa, har da mu. Daga nan Mena ta zama mai gida marar gida. A 2022 ta karɓi baƙuncin Tanzaniya a Kotonu. A 2023 ta karɓi Aljeriya a Tunisiya, ta karɓi Zambiya a Marrakesh. A 2024 ta yi 1 da 1 da Gana a garin Berkane na Maroko, ta lallasa Sudan 4 da babu a Lome, a gaban kujerun da galibinsu ba kowa a kai. Ta je har Akara ta doke Gana 2 da 1, amma ta ƙare da maki 7, Sudan na da 8, tikitin kofin 2025 ya kuɓuce da maki ɗaya tak. Wani zai ce ai Sudan ma ba a gida ta buga ba. Gaskiya ne, amma ita yaƙi ne ya kore ta daga Khartum. Mu ciyawa da kujeru da fitilu ne suka kore mu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na watan Maris 2025, lokacin da Nijar a takarda ita ce mai masauki, Maroko baƙuwa, amma aka buga wasan a Oujda, cikin ƙasar Maroko. Mu muka fara ci, suka rama, suka ƙara ta biyu a mintocin ƙarshe, jama'arsu na ihu. Ina aka taɓa ganin mai gida ya je ɗakin baƙo ya shimfiɗa masa tabarma?

Ba zan ɗora wa CAF laifi ba. Na zauna a kan wancan siminti, na shiga waccan turereniya da ɗan mutane a hannuna, na san cewa neman kujera mai lamba ga kowane ɗan kallo, da ƙofofin fita masu faɗi, da ɗakin likita, da makewayi mai tsabta, ba raini ba ne. Haƙƙinmu ne da ya kamata mu nema tun kafin wani ya zo daga Alƙahira ya nema mana. Gini ba ya tsufa dare ɗaya. Filin da ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, ya karɓi kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 tare da Maraɗi a 2019, in ya kasa cika sharaɗi, to gyaran yau da gobe ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mu ma'aikata mun san wannan cuta a ofisoshinmu: akwai kuɗin bikin buɗewa, babu kuɗin canza ƙwan fitila. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, cutar tana nan.

Ƴan kasuwa kuma su yi nasu lissafin. Kowane wasa da aka kai waje, kuɗin jirgi da masauki da hayar fili duk daga baitulmali suke fita, su faɗa aljihun wasu. A nan gida kuwa direban shata ya rasa lodi, mai shayin tashar Doso ya rasa ciniki, mai kilishi da mai ruwan leda da mai ɗinka tuta da ɗan kabu-kabu duk sun rasa kasuwar yini guda da ta fi ta mako. Ba a rubuta wannan asara a kowane kundi, amma wanda ta shafa ya san ta. Hanyar ma ba kamar da ba ce: tun harin da aka kai a dajin Kure a watan Agusta 2020, wanda ya ci rayukan mutum 8, da abubuwan da suka biyo baya a yankin, ba kowane magidanci ne zai ɗauki yaro ya yi tafiyar tsakar dare da zuciya ɗaya kamar yadda muka yi ba.

Sai dai kada mu wanke kanmu tas. Ƙungiyoyinmu na gida, irin su Sahel da Olympic a Yamai, Dan Kassawa da Jangorzo a Maraɗi, Espoir a Damagaram, sun yi shekaru suna buga wasa a gaban ƴan kallon da ba su cika rumfar biki ba, alhali gidajen kallon ƙwallon Turai sun cika maƙil, yaranmu suna faɗa a kan ƙungiyoyin garuruwan da ba su san inda suke a taswira ba. Maazou bai faɗo daga sama ba, a irin waɗannan wasanni ya tashi. Ku dubi kokowa: tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 take zagaya jihohi, ita take zuwa wurin jama'a, jama'a kuma ba ta taɓa barin filinta fayau ba. Magabatan ƙwallo suna da abin koyo a nan, mu ma haka.

Abin da na gaya wa ɗan ƙanena ke nan a taƙaice. Na ce masa kada ya jira sai Masar ta dawo. Da zarar an buɗe gasar ƙungiyoyin gida, mu zaɓi wata Lahadi, mu tashi da asuba, mu dawo kafin duhu ya yi nisa ko mu kwana can wurin dangi, yaron ya ga ciyawa da raga da mutane masu gumi, ko da filin rabinsa wofi ne. Yaron ya tambaye ni ko wanda sunansa ke bayan rigarsa zai zo, na ce masa a'a, amma in an yi sa'a akwai raƙuman dawa a hanya. Ya yi shiru yana nazari, sannan ya ce ya yarda.

Wannan karo uban ne zai biya kuɗin mota. Alhaji da tsohon ma'aikacin duwan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mushe kuwa da na aika masa, ya ce a rubuta sunansa, amma a ajiye masa wuri kusa da direba saboda gwiwa.